Ranar da Baba Ya Tsaya a Ɗaya Layin

Ƙarar buta na fara ji. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa, an kusa kiran azahar, sai butar roba ta faɗi a kan simintin zaure, ta gangara, ta bugi ƙofa ta tsaya. Na kasa kunne in ji Baba ya yi tsaki ya ce mata, "Ke kuma ina za ki?" don tun bayan rasuwar Inna, matarsa, yakan yi wa kayansa magana. Shiru. Na ajiye farantin, na jawo mayafi, na tsaya a bakin zaure ina ta sallama. Ni suruka ce, matar ɗansa, ban saba faɗa masa ba sai ya amsa. Da na gaji na leƙa, yana jingine da bango, hularsa a gefe, ruwa na bin ƙarƙashin tabarma.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Daga Allah muke, can kuma za a mayar da kowa. Bayan la'asar aka sallace shi a ƙofar gidanmu da ke Yalwawa, a gindin darbejiyar da ya yi shekaru yana shimfiɗa tabarmi.

An taru, ba laifi. Sai dai ina zaune cikin mata ina jin abin da ake faɗa, zuciyata na ta ƙunci. Gwaggo, ƙanwar Baba da ta zo daga Buji, tana share hawaye tana cewa, "Allah Ya jiƙan Yaya, amma ya wahalar da kansa. Jam'iyyar da ko kansila ba ta taɓa ci ba, a kanta ya ƙare da ƙafa da takalmi." Manyan motoci sun cika layinmu, amma don maigidana suka zo, shi da yake tare da masu mulki yanzu. Ta bayan katanga na ji wani mai babbar murya ya ce, "Dattijo ne mai aƙida," kafin a ce amin wayarsa ta yi ƙara ya tashi. Wani saurayi kuma ya tambayi na kusa da shi, "Wai dama jam'iyyar nan tana nan har yanzu?"

Mutum ɗaya ce ta yi kukan da na gane. Shugabar matan jam'iyyar, tsohuwa mai tuyar awara a bakin titi. Ta shigo ba ta ko gaisa da kowa ba, ta zauna a ƙasa kusa da turmi, ta ce, "Shi kenan. Yanzu wa zai ƙara ce mini, Hajiya, ke me kika gani?" Ita ba ta taɓa zuwa Makka ba, Baba ne kawai yake ce mata Hajiya.

Maganarta ce ta sa na ɗauki biro. Ni ba marubuciya ba ce, daga sakandare aka yi mini aure. Amma na zauna da bawan Allahn nan katanga ɗaya ce tsakaninmu, na ga abin da na gani, kuma ina tsoron nan da ɗan lokaci a ce tsoho ne kawai mai taurin kai.

Baba tela ne. Daga Buji ya dawo Dutse da kekensa lokacin da aka yi jihar, ya yi ta ɗinki har ido ya gaza. Jam'iyyarsa ba zan faɗi sunanta ba. Ko na faɗa, sai kun yi ta lalube a can ƙasan takardar ƙuri'a kafin ku ga alamarta. Shi ne shugabanta na mazaɓarmu tun kafin a kawo ni gidan. Ofis babu. Darbejiyar nan ita ce ofis. Duk Juma'a bayan la'asar zai fito da tabarmi ya kakkaɓe da kansa, maza su zauna a waje, mata su zauna a zaure a bar ƙofa a buɗe.

Yana da wata doka da ban taɓa jin irinta a ko'ina ba: ƙarami ke fara magana. A bi daga wanda ya fi kowa ƙuruciya, a yi ta hawa, mata su faɗi tasu, shi ne na ƙarshe. Dattawa sun sha yi masa ƙorafi, wai yaya za a ce yaron da aka yi sunansa a gabansu ya riga su buɗe baki. Sai ya ce, "In na fara, kowa zai ce haka ne Baba, a shafa fatiha a tashi. Ni ban tara ku don in ji muryata ta dawo mini ba."

Kuma ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Akwai amininsa, mahauci, tare suka taso tun a ƙauye. Wata Juma'a gardama ta yi zafi, mahaucin ya zagi uwar wani yaro. Baba ya sa aka yi shawara a nan take, jama'a suka yanke masa wata guda ba zama a tabarma. Haka dattijon nan ya riƙa zuwa yana tsayawa a jikin katanga yana hura hanci. Da an tashi kuma Baba ya kama hannunsa su tafi masallaci, suna tafe yana tsokanarsa, "Sarkin fawa, yau ka ji daɗin tsayuwa?" Sallar da ta biyo baya ma shi ya ɗinka wa 'ya'yan mahaucin kaya, bai karɓi komai ba.

Ban manta ranar da ya ba ni kati ba. Ina amarya, na kai masa kunu, na durƙusa a bakin ƙofa. Bai dube ni ba, bango ya duba, ya ce, "An ce mini kin yi karatu." Na ce, "Kaɗan, Baba." Ya turo katin a kan tabarma ya ce, "Ba dole. In kin karɓa, ranar ƙirga ƙuri'a kada ki dubi fuskata, kada ki dubi ta yaron nan." Yaron nan shi ne maigidana. Ɗan fari ne, Baba bai taɓa kama sunansa ba, ko a gabansa ko a bayansa.

A lokacin kwano ɗaya suke ci. Da an idar da magariba in kai tuwo zaure, uba da ɗa su zauna, in riƙa jiyo su suna musu a kan farashin taki, ko kan wane limami ya fi jan sura. Wannan cin tuwon shi ne abin da siyasa ta ɗauke mana, shi ne kuma abin da na yi shekaru ina roƙon Allah Ya dawo da shi kafin ɗayansu ya bar duniya.

Ga yadda aka yi. Zaɓen ƙananan hukumomi ya matso, aka ce kowace mazaɓa ta fitar da ɗan takarar kansila. Maigidana ya nuna yana so. Wani mai kemis a bayan layinmu shi ma ya ce yana so. Sai ga mutum biyu daga sakatariyar jam'iyya da ke unguwar Takur, suka zauna da Baba a zaure, ina jin su ina tankaɗe. Suka ce a yi maslaha kawai, a lallashi mai kemis ya janye. Ɗayan ya ce, "Baba, ai hidimar da ka yi ta isa a ba yaronka." Baba ya ce, "Hidimata ce ko tasa? In lada za ku ba ni, ku saya mini tabarmi, waɗannan sun mutu. Takara kuwa ƙato bayan ƙato za a yi." Wato kowane ɗan takara ya tsaya, masu son sa su yi layi a bayansa ido na ganin ido, a ƙirga.

Ranar ƙirgar, ƙofar gidanmu ta cika fiye da kullum. Maigidana ya zo da samarin majalisarsu da wasu 'yan acaɓa, kowa da sabon kati a hannu. Baba ya tsaya ya dube su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Duk wanda bai taɓa zama a tabarmar nan ba, ya koma gindin katanga ya yi kallo." Wani ya ɗaga kati ya ce, "Baba, ga katina fa!" Baba ya ce, "Na gani, ɗan nan, tawadar ma ba ta bushe ba. Juma'a mai zuwa ka zo ka zauna, kai za ka fara magana." Aka yi dariya. Na leƙa ta ƙofar zaure na ga idanun maigidana sun kaɗa sun yi jajir.

Aka tsayar da su biyun. Baba ya kira mai kemis da sunansa, da ya zo kan ɗansa sai ya ce, "Da kuma wannan na hannun hagu." Muka fito mu mata muka bi sahu. Ni bayan mijina na tsaya, kuma da zuciya ɗaya na tsaya, don na san yana da kirki kuma yana da hannun kyauta. Wasu dattawa suka noƙe suna jiran su ga inda Baba zai nufa. Ya gane su, ya ƙi motsi, ya ce sai kowa ya tsaya tukuna. Da ya rage shi kaɗai, layin mai kemis ya riga ya fi namu tsawo, ko makaho ya shafa ya sani. Da Baba ya koma ya zauna, ba abin da zai canza. Sai ya gyara hula, ya ɗauki sandarsa, ya taka a hankali ya wuce ta gaban ɗansa, ya je can ƙarshen ɗaya layin ya tsaya.

Shugabar mata da ke gabana ta ce ƙasa-ƙasa, "La ilaha illallahu, tsohon nan."

Bayan magariba na kai tuwo kamar kullum. Ban kai ga komawa ɗaki ba na ji muryar maigidana a zaure.

"Baba, a gaban jama'a?"

"Da a ɓoye kake so?"

"Da ka zauna, wa zai ce maka don me? Ka kori mutanena, na yi shiru. Shi ne kuma sai ka nuna wa duniya ka ƙi ni."

"Ban ƙi ka ba. Ni ma ɗan jam'iyya ne, in na ce kowa ya tsaya, ni ba zan zauna ba. Wancan ya fi ka zama ya saurari mutum. Kai tun kana yaro ba ka bari a kai ƙarshen magana. Abin da nake so ka gane shi ne..."

"Shi kenan, Baba. Na gane."

Ya sa takalmi ya fita. Da na je ɗaukar kwano bayan isha'i, murfin ma ba a ɗaga ba.

Kada wanda ya karanta wannan ya zaci maigidana ya yi wa mahaifinsa rashin kunya bayan nan. Ko kusa. Kullum da safe zai durƙusa a ƙofar zaure, "Baba, ina kwana." "Lafiya lau." "An tashi lafiya?" "Alhamdulillahi." Ya miƙe ya tafi. Maganin hawan jini bai taɓa yankewa ba. Da Sallah shadda mai kyau. Har tabarmi sababbi ya saya, ya sa aka jingine su a zaure ba tare da ya ce daga wa suke ba. Amma abincinsa ya ce in riƙa kai masa ɗaki. Ba a daɗe ba ya mayar da katinsa, ya koma babbar jam'iyya.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, ana gab da zaɓe mai kemis ya janye wa ɗan takarar babbar jam'iyyar, bai ko zo gindin darbejiya ya faɗa ba, a rediyo aka ji. Unguwa ta ɗauka. Masu shayi suna cewa Baba ya bar ɗansa ya bi wanda ya sayar da shi. Gwaggo ta zo takanas daga Buji ta same shi. Ta ce, "To Yaya, ka gani? Ka ɓata da ɗanka a kan banza. Kira shi ka ce ka yi kuskure." Baba ya ce, "Na yi kuskure a kan mutum. A kan layi ban yi ba. In na ce masa na yi, ƙarya na yi masa, kuma ya san ni." Ta ce, "Kai dai da taurin kai aka haife ka." Ya ce, "Nono ɗaya muka sha."

Bayan wannan mutane suka fara zamewa. Waɗanda suka rage suka ce Baba ya tsufa, tsarinsa na ɓata lokaci, jam'iyya na buƙatar mai jini a jika. Da wa'adin shugabanci ya cika, wani matashi mai shagon waya ya fito. Wasu suka ba Baba shawara ya sauka da girmansa, kada a kai ga layi. Ya ce a'a, a yi yadda aka saba. Ya tsaya a gindin darbejiya da sandarsa. Da ya waiga, mahauci ne a bayansa, da shugabar mata, da ni, da wasu tsofaffi da ba su kai a kira su layi ba. Shi ya fara miƙa wa yaron hannu. Ya ce, "Allah Ya taya ka riƙo, shugaba." Ya kuwa ci gaba da kiransa shugaba har ya bar duniya, yaron da jikansa ne a haife.

Taro ya koma shagon waya, can wajen hanyar kasuwa. Duk Juma'a Baba zai sa farar riga ya taka da ƙafa. Mu mata ba a tanadar mana wuri a can ba, sai shugabar mata ce take zuwa ta tsaya a gefe, ita take ba ni labari. Sun riƙe dokarsa ta ƙarami ya fara. Sai dai ba sa fara taro da wuri, kuma samari ba sa gajiya da magana. Kafin a hawo kan Baba, ladan ya kira magariba, kowa ya kakkaɓe riga. Ta ce tana ganin sa yana gyara murya in an kusa zuwa kansa, yana motsa leɓe kamar mai bitar karatu, sai a ji Allahu Akbar. Ta taɓa ce masa, "Baba, ka ce a ba ka dama mana, ai kai ka kafa dokar." Ya ce, "Shi ya sa, Hajiya."

In ya dawo, nakan ji ya jingine sanda, ya zauna, sannan ya fara magana a hankali shi kaɗai a zaure. Da farko na zaci lazimi yake. Da na saurara sai na ji abin da ya so faɗa a taro ne, daki-daki, har da "jama'a, ku gafarce ni." Nakan tsaya da muciya a hannu har ya gama, don dai a ce wani ya ji.

Na yi wa maigidana magana, ba sau ɗaya ba. Wata rana na ce, "Abban yara, don Allah ka koma zaure, ko loma ɗaya ce." Ya ce, "Ina gaishe shi ko ba na gaishe shi? Akwai abin da ya nema ya rasa?" Na ce, "Ba wannan ba ne." Ya ce, "To mene ne? Ke kina bayana a layi, ba ki ga idon mutane ba. Ni na gani." Ya juya fuska bango. Ban ƙara ba a ranar, don na ji muryarsa, ba ta mai fushi ba ce, ta mai ciwo ce.

Abin da na iya kawai, ban rage tuwon zaure ba. Malmalar mutum biyu nake sakawa, ko Allah Zai sa. Baba ya taɓa cewa ta bayan ƙofa, "'Yar nan, ki rage, almubazzaranci ne." Na ce, "To, Baba." Ban rage ba, shi ma bai sake faɗa ba.

Ranar jana'iza maigidana ne a gaban makara, an ce har maƙabarta bai bari an karɓe shi ba. Tun daga ranar ba ya doguwar magana da kowa. Ni kuma ba ni da ƙarfin halin tambayarsa abin da ke ransa.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo maka. Ka san bai ci haƙƙin kowa ba a ɗan abin da aka ba shi riƙo. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haɗa shi da Inna a gidan da ba a kaɗaici. Ka sanyaya zuciyar ɗansa. Wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a.

Bayan sadakar bakwai baƙi suka watse, ya rage ni da Gwaggo muna naɗe kayansa a zaure. Autata tana gefe tana wasa da carbinsa. Ba ta daɗe da shiga firamare ba, ita Baba yake tsokana yana ce mata amaryarsa. Ban san lokacin da na ce wa Gwaggo ba, "Abin da ke ci na, har ya tafi ba su ƙara zama kan kwano ɗaya ba. Ko sau ɗaya bai shigo ba."

Yarinyar ta ɗago ta ce, "Umma, ai Abba ya shigo."

Na ce, "Yaushe?"

"Ranar da kika tafi bikin suna a Buji, da Anti maƙwabciyarmu ta yi mana tuwo. Ni ina wajen Baba Tsoho, sai Abba ya yi sallama ya cire takalmi ya zauna. Baba Tsoho ya tura masa ruwa, Abba ya wanke hannu. Sai aka kira Abba a waya, wai Ciyaman yana nemansa yanzu-yanzu. Ya ce yana zuwa."

Gwaggo ta saki rigar da ke hannunta. Na ce, "Ya dawo?"

"A'a. Mun yi ta jira har miyar ta yi sanyi, ni har na fara gyangyaɗi. Na ce Baba Tsoho, Abba ya ƙi dawowa. Sai ya yi dariya ya buɗe kwanon, ya ce, ci abinki Amarya, ba komai. Ai ya wanke hannu."